Ranar da Garinmu Ya Ɓoye Dusar Ƙanƙara

Ƙanena Dougal bai taɓa yin kuskure a hasashen yanayi ba. Shi ne ya faɗa, kuma ba ya gajiya da faɗa, a kantina, a mashaya, har a maƙabarta in an yi rashi. In ya ce gobe rana za ta ƙwalle aka wayi gari ana sheƙa ruwa, sai ya ce ai ranar tana nan, gajimare ne ya yi mata shisshigi. Mu mutanen Strathbeg mun saba da shi. Mai son shanya kaya yakan tambaye shi don ya ji daɗi, sannan ya koma gida ya kunna rediyo.

A kan rufin rumfar askin tumakinsa ya kafa wata hasumiya ta bututun ƙarfe. A ƙololuwarta ya kwantar da wilin keke, ya ɗaura masa kofunan shayin marigayiya mahaifiyarmu, iska na kaɗa su suna juyi, shi kuma yana tsaye a ƙasa cikin gajeren wando yana gyaɗa kai. Gajeren wandon nan ba ya rabuwa da shi, rani da hunturu. Wai ƙafar da aka lulluɓe ba ta jin maganar iska. Ya kusa sittin, amma gwiwoyinsa shuɗaye ne tun yana saurayi. Shi ne kuma direban bas ɗin makaranta, don duk garin shi kaɗai ne yake da lokaci.

Makarantar ce ta hana ni barci a hunturun nan. Yara bakwai suka rage a cikinta, biyu jikokina ne. Hukuma ta aiko cewa in yaran ba su ƙaru ba za ta sa kwaɗo, a riƙa kwasarsu zuwa Ardlow, can bayan Sirdi, wato wuyan dutsen da hanyarmu take haurawa. 'Yata ta riga ta gaya mini ba za ta bari 'ya'yanta su riƙa haura Sirdi safe da yamma ba, gara ta tattara su koma birni. Ni kuwa tun da mijina ya rasu, hayaniyar yaran nan in sun faɗo kanti da yamma suna neman abin taɓawa ita ce take riƙe da ni. In suka tafi ban san abin da zan riƙa tashi dominsa ba.

Ana haka sai Hamish, mai babbar gonar tumaki ta ƙarshen kwari, ya sami ma'aikaci daga Auckland, babban birnin nan na can arewa mai ɗumi. Sunansa Tavita Faleafa, mutumin Samoa, yana da mata, Losa, da 'ya'ya biyar reras. Biyar! Tavita ya riga ya so aikin. Losa ce ta ce sai ta zo ta gani da idonta, domin abu ɗaya take tsoro: ta ji ana cewa a nan kudu dusar ƙanƙara takan rufe mutane a gida, ba shiga ba fita.

Na tara gari a zaure, tunda ni ce shugabar kwamitin makaranta.

"Magana ɗaya ce," na ce. "Ranar Asabar za su zo. Daga isowarsu har tafiyarsu, kada in ji bakin kowa ya ambaci dusar ƙanƙara. Ba mu san ta ba, ba mu taɓa ganinta ba."

"To in ta tambaya fa?" in ji Noeline, matar mai mashaya.

"Ki miƙa mata kek."

Kowa ya ɗaga hannu ya yarda. Sai Hamish ya yi gyaran murya. "Akwai 'yar matsala, Beryl. Rediyo ta ce Asabar da rana iskar kudu za ta kawo wata 'yar gajeruwa, ta zuba a kan tudu ta wuce. Sun ce kowa ya dakata da hawa Sirdi har ta gama."

Dougal ya miƙe yana dariya, har da riƙe ciki.

"Rediyo! Yaran da ke zaune a ofis da hita a ƙarƙashin tebur tana ɗumama musu ƙafa? Kofunana sun ba ni labari tun jiya. Za ta taso, ban musa ba. Amma tana zuwa bakin kwari za ta karkata hagu ta je ta juye a kan mutanen Ardlow, kuma sun cancanta. Ɓoye-ɓoyen nan naki dabarar matsorata ce, Beryl. Matar nan natsuwa take buƙata. A nuna mata garin nan yana da mutumin da yake jin ƙanshin dusa tun tana tsakiyar teku. Ku ba ni ita rabin yini, da kanta za ta roƙi a ba ta gida."

"Dougal, zauna."

"In ƙwaya ɗaya ta sauka a ƙasar Strathbeg, ku canza mini suna."

"Ai mun daɗe da canzawa," in ji Noeline. "Kai ne ba ka ji ba."

Muka shiga aiki. Aka sauke hotunan babbar dusar zamanin iyayenmu daga bangon zaure, aka maye gurbinsu da na gasar kabewa. Aka kwashe shebura daga bakin ƙofofi aka cusa ƙarƙashin gadaje. Colin mai tuƙa gireda, wadda take share mana hanya in ta toshe, ya kai ta bayan zaure, mata suka lulluɓe ta da tamfol suka jera mata tukwanen furannin roba. Na kuma ba da doka cewa ranar Asabar kowa ya bar rigar sanyinsa a gida.

Asabar ta zo, sama fes, sanyi kuwa yana yanka kunne. Baƙi suka iso ta hanyar ƙasan kwari, wadda ba ta bi ta Sirdi. Tavita mutum ne mai faɗin ƙirji da yawan murmushi, ba ya son magana. Losa doguwa ce kakkaura, ta saka kwat a kan kwat, idonta kuwa ba abin da yake wuce shi.

"Kai, akwai sanyi a garin nan," ta ce tana murza hannu.

"Sa-sanyi?" in ji Noeline, tana tsaye cikin 'yar riga mai gajeren hannu, haƙoranta suna kaɗawa. "Yau ai zu-zufa muke yi."

Losa ta dubi itacen da aka jibge a jikin kowane gida har rufi. "Wannan itacen fa?"

"Mu mutane ne masu son gashin nama," in ji Colin.

Ta dube shi, ta dubi hancinsa da ya yi ja. Noeline ta miƙa mata kek.

Duk da haka abu ya soma kyau. Yaran suka ga makaranta, suka ga zomayen aji, suka haɗu da jikokina aka shiga guje-guje kamar an daɗe da sabawa. A zaure aka ci miyar kabewa da gasasshen burodin da muke naɗe cuku a ciki, Tavita ya share faranti ya nemi ƙari. Har na ga Losa tana tambayar malama wane irin takalmi yara suke sawa. Hankalina ya fara kwanciya. A daidai lokacin ne muka ji hon a waje.

Dougal ne, ya wanke bas tana sheƙi, ya tsaya a kan matakalarta ya buɗe hannuwa.

"Baƙo ba ya barin Strathbeg bai hau Sirdi ba! Daga can har teku ake hangowa. Yara, ku shigo!"

Kafin in ajiye kofina yara biyar sun shige sun kama kujeru.

"Dougal," na ce, ina murmushi ina cije haƙori, "ba yau ba."

"Me ya sa ba yau ba?" in ji Losa.

Duk wanda ke wurin ya san dalili, kuma duk wanda ke wurin ya ɗaga hannu ya yi alkawarin ba zai faɗa ba. Hamish ya kama tari. Colin ya ce hanyar tana da kwana da yawa. Dougal ya ce kwanonin nan shi da su tun yana goye. Noeline ta ce akwai sauran kek. Wata tsohuwa ta dinga ƙifta wa Dougal ido har ya tambaye ta ko wani abu ne ya faɗa mata.

Losa ta juyo ta kalle ni. "Anti Beryl, akwai abin da zai hana?"

Ni na kafa dokar, ni kuma ta fara kamawa. "Babu," na ce. Na shiga bas na zauna daidai bayan direba, inda hannuna zai kai kunnensa.

Ba mu yi nisa ba muka ci karo da tumaki sun cika hanya, tsoho Murdo da karnukansa suna koro su daga tudu, kamar yadda duk mai hankali yake yi in ya ji rediyo. Losa ta zuge taga.

"Baba, ina za a kai su?"

Murdo ya buɗe baki, ya hango idona, ya rufe. "Sun gaji da tudu ne, 'yata." Sannan ya dubi sama ta kudu, ya dubi bas, ya dubi ƙanena. "Dougal, kana da hankali kuwa?"

"Har da na sayarwa, Murdo. Matsa mana da dabbobinka."

Muka ci gaba da hawa. Losa ta nuna dogayen sandunan nan masu jan kai da aka kakkafa a gefen hanya, waɗanda suke nuna wa mai gireda inda kwalta take in komai ya rufe. Ta ce na mene ne. Na ce na tsuntsaye ne, in sun gaji su huta. Ta ce lallai garin nan akwai tausayi.

A saman Sirdi muka fito. Gaskiya wurin yana da kyau, ga kwarinmu shimfiɗe a ƙasa, ga kogi yana ƙyalli. Amma ta kudu wani baƙin hadari ya tokare sama da ƙasa, yana tahowa ba ya ko waige. Dougal ya hau kan wani dutse, ya lashi yatsa ya ɗaga.

"Kun ga wancan? Ku zuba ido ku sha kallo. Yana isowa daidai wancan tsaunin zai karkata hagu."

Ya iso tsaunin. Ya haɗiye tsaunin.

"Yanzu zai karkata."

"Dougal, mu tafi."

"Tunani yake yi, Beryl. Kada ki tsorata shi."

A bayanmu yara suna ta ƙyalƙyala dariya. Kea ne guda biyu, akun dutsen nan marasa kunya, suka sauka a kan bas suna aikin da suka fi iyawa. Ɗaya ya kama robar waifa mai share gilashi da baki yana ja, ɗayan yana taya shi. Tavita ya ce, "Dougal, tsuntsayen nan suna cin motarka." Dougal ya ce kada a katse shi yana tsakiyar lissafi.

Sai wani farin abu ya sauko a hankali, ya yi lilo, ya zauna a kan hancin Dougal. Wani ya sauka a hannun Sela, autar Losa.

"Mama, mene ne wannan?"

"Ulu ne," in ji Dougal da sauri.

"Ulu ne, 'yata," na ce. "Wani ne yake askin tumaki, iska ta kwaso."

Sela ta ɗora a harshe. "Ulun ya narke."

Daga nan ba a ƙara maganar ulu ba, domin sama ta ɓalle gaba ɗaya. Iska ta bugo mu, fari ya rufe ko'ina, wanda ke kusa da kai ma sai ka lalubo shi. Muka ruga cikin bas. Dougal ya tayar ya kunna waifa, ƙarafa biyu tsirara suka shiga kankare gilashi suna ƙara, robarsu tana can wajen kea. Ya leƙa kai ta taga ya taka mai. Tayoyi suka yi ta juyi a wuri ɗaya.

"Sarƙa," na ce. "Sa wa tayoyin sarƙa su daina santsi."

Ya jawo akwatin sarƙa daga ƙarƙashin kujera. Guda ɗaya ce a ciki.

"Ina sauran?"

Ya yi wata magana ƙasa-ƙasa.

"Ɗaga murya, ban ji ba."

"Suna riƙe da hasumiya."

"Sarƙar motar yara ka kwashe ka ɗaure kofunan Mama?"

"Aikin kimiyya ne, Beryl, ba za ki gane ba."

Tavita ya miƙe zai taimaka. Dougal ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Zauna, abokina, kai baƙo ne. Wannan aikin 'yan ƙasa ne." Ya fita ya durƙusa da gwiwoyinsa tsirara, ya yi ta fama yana surutai, ya dawo yana huci ya ce an gama. A tayar gaba ya ɗaura ta, bas ɗin kuwa da tayoyin baya take tafiya. Yana taka mai ta fara juyawa a hankali, kamar kare mai neman wurin kwanciya, ta yi zagaye guda cikakke, sannan ta zauna da gindinta cikin lambatun gefen dutse. Yara suka yi tafi. Ɗaya ya ce, "Kawu Dougal, ƙara!"

Waya ba ta kamawa a Sirdi, kowa ya sani. Kowa kuma ya san in dusa ta kama ka a mota, ka zauna a cikinta. Dougal ya ja zif ɗin rigarsa ya tsaya a bakin ƙofa kamar mai shirin ɗaukar hoto.

"Zan sauka gonar Murdo in kawo agaji. Ko ido rufe zan kai."

"Ai ido rufe ka kawo mu nan. Dawo ka zauna!"

Ya riga ya fita, fari ya haɗiye shi.

Losa ta tattara 'ya'yanta jikinta ta lulluɓe su da kwat ɗinta na sama, ta fara wata waƙar coci da harshensu, Tavita yana amsawa da babbar murya. Ni dusar ba ta ba ni tsoro ba, na san irinta, ba ta daɗewa. Fuskar Losa ce ta ba ni tsoro. Ko sau ɗaya ba ta kalli inda nake ba. Na zauna ina ganin kwaɗo a ƙofar makaranta, ina ganin motar kaya a ƙofar gidan 'yata, hawaye yana neman kunyata ni a gaban baƙi.

Can sai muka ji ana dukan ƙofa. Wani farin mutum ne a waje, dusa ta toshe masa gira da gashin baki, yana ihu.

"Jama'a, ku taimaka! Bas ɗin makaranta ta maƙale can sama, akwai mata da yara! Direban ya yi iya ƙoƙarinsa, jarumi ne, ba laifinsa ba ne!"

Tavita ya buɗe ƙofa. "Shigo, Dougal."

Dougal ya share ido ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. "Au. Ku ma kun sauko?"

"Muna nan inda ka bar mu."

"Na sani. Zagayawa na yi in duba kewaye."

Jikinsa yana ɓari har kujera tana amsawa. Losa ta matso kusa da shi. Ta buɗe jaka ta ciro wani zane ja mai manyan furanni ta naɗe masa ƙafafu, ta cire hular ulun Sela mai kunnen zomo ta danna masa a kai. Ya buɗe baki zai yi bayanin ƙafar da aka lulluɓe, ta ɗaga masa yatsa ɗaya, ya haɗiye.

Yadda dusar ta zo haka ta tafi, kamar an rufe famfo. Iska ta kwanta, rana ta fito, duniya ta yi fari fat har ido ba ya iya kallo. Dusar ko gwiwa ba ta kai ba. Yaran Losa suka tsaya a bakin ƙofa baki buɗe, sannan suka yi tsalle suka faɗa ciki. Kafin ka ce me, uban nasu ma yana kwance a ciki yana dariya yana harba ƙafa.

Sai muka jiyo jiniyar 'yan kwana-kwana daga can ƙasa, sannan rugugin injuna. Gireda ce ta fara ɓullowa daga kwana, tamfol yana jan ƙasa a bayanta, tukwanen furannin roba suna nan a jere a kanta suna rawa. Bayanta taraktan Hamish, bayansa motar kashe gobara, bayanta duk wata mota mai tashi a Strathbeg, Noeline ta rungume tukunyar miya a cinya, Murdo a kan babur mai ƙafa huɗu da karnukansa. Kowa ya saka rigar sanyinsa, shebura sun fito daga ƙarƙashin gadaje. Ta ɗaya gefen kuma sai ga giredar Ardlow da motoci biyu cike da mutanensu.

Duk wani mai kunya da ya shige ƙarƙashin kujera. Dougal fitowa ya yi, da zanensa da kunnen zomonsa, ya tsaya a jikin bas ya ɗaga hannu.

"Jama'a, kada kowa ya firgita! Kamar yadda na hango tun farko..."

"Dougal!" in ji direban giredar Ardlow. "A wajenmu ko ƙwaya ba ta sauka ba, rana muke sha tun safe. Mun ji an ce ka aiko mana da saƙo bai iso ba, shi ne muka zo karɓa."

Colin ya sauko ya zube sarƙoƙi a gabansa. "Ga kayan bas. A jikin hasumiyarka muka kwance su. Ba mu sha wahalar hawa ba, tana kwance a kan motarka."

Dariya ta ɓarke. Dougal ya ce a yi shiru a saurare shi, ya ɗaga hannu ya daki jikin bas da ƙarfi. Duk dusar da ke kan rufin ta sulmiyo ta sauka a kansa gaba ɗaya. Abin da ya rage a waje kunnuwan zomo ne biyu. Mutanen Ardlow har da masu zama a ƙasa, Murdo da ba a taɓa ganin haƙoransa ba ya kifa kai a kan babur yana shessheƙa.

Losa kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Ta bari aka tono shi aka ɗura masa miya, sannan ta tako har gabana.

"Ulu ko, Anti Beryl?"

Na rasa inda zan sa idona.

"Tun da safe na san ƙarya kuke yi mini. Mace tana rawar sanyi tana ce mini zufa take. Sanduna na tsuntsaye. Gari guda, har da tsofaffi, kun haɗa baki a kaina."

"Ni na sa su," na ce. "Makarantarmu za a rufe. In aka rufe, jikokina za su tafi, ni kuma ba ni da kowa sai su da wancan mai kunnen zomon. Tsoro ne ya sa, 'yata. Dusa tana zuwa mana duk shekara, wani lokaci ta fi wannan nesa ba kusa ba. Gaskiyar ke nan."

Ta kalli jerin motocin da ya kai har kwana. Sannan ta juya wajen Colin.

"Waya ba ta kamawa a nan. Wa ya kira ku?"

Colin ya sosa ƙeya. "Ba wanda ya kira. Mun ga kun hau, ba mu ga kun sauko ba."

"Su kuma waɗancan?"

"Jiniya suka ji," in ji shi. "Ba ma shiri da su, amma jiniya jiniya ce."

Losa ta ja numfashi. "Bara motata ta mutu a kan babban titi a Auckland, ana ruwa, yaran nan biyar suna ciki. Na tsaya a gefe ina ɗaga hannu har hannun ya gaji. Motoci sun fi dubu, ba wanda ya ko rage gudu." Ta nuna Dougal da haɓa. "In gari biyu za su fito haka saboda wannan, to ina ga 'ya'yana?"

Ban san lokacin da na rungume ta ba. Kukan da nake ta dannewa tun cikin bas ya ƙwace, Noeline ma ta kama, Hamish ya juya baya wai yana duba tayar tarakta.

"Amma da sharaɗi," in ji Losa. Ta saki kafaɗata, ta taka har inda Dougal yake zaune cikin bargo, ta miƙa masa tafin hannu. "Makulli. Daga Litinin ni zan riƙa tuƙa yara."

Dougal ya dubi hannun, ya dubi gari biyu da suka zuba masa ido. Ya laluba aljihun gajeren wandonsa ya ciro makullin ya ajiye mata. Sannan ya gyara zaman hularsa, ya kurɓi miya, ya dube ni.

"Rabin yini na ce ku ba ni, Beryl. Ga shi har aiki ta roƙa."

Na buɗe baki zan wanke shi tas a gaban jama'a, na nemi abin faɗa na rasa. Yanzu yara goma sha biyu ne a makarantar, kuma abin da ya fi ƙona mini rai, har yau ban sami hanyar ƙaryata shi ba.